Ina baƙon tabki zai kwana?

Jama'ar Madarunfa, na gida da na tahiya.

Satin da ya wuce wani mai saurarenmu ya kira daga Katsina, ya ce yana so ya kawo iyalinshi su ga tabki, ya tambaye mu ina za su kwana. Muka yi shiru cikin shiri, abin da ba mu saba ba. Daga ƙarshe muka ce mishi da yawa otal suke kamawa a Maradi, su yo kilomita 25 da safe, su koma kafin magariba. Tun ran nan amsar take damunmu.

Mu da muka tashi nan muna ƴan lakwal, mun san lokacin da ba a wannan tambaya. In watan Mauludi ya kama, masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tabki sai su cika gari. Mai gida ya share zaure, mu yara a tashe mu daga ɗakinmu, mu koma tsakar gida bisa tabarma. In wuri ya ƙare, a kafa rumfa da zana. Baƙo ya samu randa da buta da fitilar ƙwai, fura da hantsi, da dare tuwo da kifin da masunta suka fiddo. Kuɗi? Kunya ma ake ji a ambace su. In zai tahi ya bar ma uwar gida goro ko turmin atamfa. Zumuncin da aka ƙulla ta haka da mutanen Jibiya da Katsina, iyayenmu sun fi mu sanin yawanshi.

Sannu a hankali buƙata ta sake. Baƙon yau yana son ɗakin siminti, ƙofa mai makulli, makewayi nashi shi kaɗai, fanka, da wurin cajin waya. Ba mu ga laifinshi ba. Mace mai goyo tana da haƙƙin ƙofar da za ta rufe, kuma duk wanda ya taɓa kwana bakin tabki bayan damina ya san sauronmu. Sai dai zaure ya ja baya, ɗakin zamani kuma bai wadata ba. Ga rufin kwano cikin watan Afrilu: in kuran ya yanke, sai ka fito da tabarma waje kamar da.

Ga kuma abin da ya fi ƙarfin magini. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Masu satar mutane da shanu a ƙauyukan bakin iyaka sun sa baƙo yana duban rana tun la'asar.

Alhali sunan wurin ya yi nisa. Tun 2006 tabkin da dajin da kaburburan suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar ma UNESCO, a 2019 kuma tabkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren ruwa. Amma baƙon da bai kwana ba, ruwan leda kawai yake saye. Mai suyar kifi, mai shayi, mai kwalekwale, duk kallonshi suke har ya hau mota.

Shawararmu ba ta buƙatar miliyoyi. Gidajen da ke da zaure ko ɗaki a ƙofar gida su gyara shi: gidan sauro, ƙofa mai kyau, makewayi mai tsabta. Su ba mai unguwa sunayensu, a san wanda ya sauka da inda ya sauka, a yanke kuɗi daidai, ba kunya ba cuta.

Mun sake kiran Bakatsinen nan. Yayanmu ya ce a share mishi ɗakin ƙofar gida, matarshi da yara su shiga ciki wurin Inna. Ran Juma'a suke tahe. In kun gan su bakin tabki, ku yi musu maraba.