Godiya Iri Biyu

Da harshen Mandarin na sauka Hong Kong, ina taƙama da shekara biyu da na yi ina koyon sa. Ranar farko, a wata kasuwa ta unguwar Sha Tin, na yi wa wata tsohuwa mai sayar da ganye godiya da shi. Ta gane sarai, amma fuskarta ba ta saki ba. Sai daga baya na fahimci cewa da harshen hukumar Sin na yi mata magana, alhali ita da harshen Kanton take ciniki, da shi take yi wa jikokinta faɗa.

Dalilin da ya sa ke nan na shiga cibiyar koyar da harsuna ta Jami'ar Sinawa ta Hong Kong, wadda aka kafa a 1963 da haɗin gwiwar wata ƙungiya mai alaƙa da Jami'ar Yale ta Amurka. Na zaci mu baƙi kaɗai zan tarar. Ashe a cibiyar har da ɗaliban da suka zo daga babban yankin Sin, Mandarin a bakinsu tun yarinta, suna fama da harshen Kanton kamar yadda nake fama. A wani ajin kuma ƴaƴan gari ne ke gyara Mandarin ɗinsu, domin tun da birnin ya koma hannun Sin a 1997 buƙatarsa ta ƙaru. Ɗan gari a wannan aji, baƙo ne a wancan.

Karin sauti ne ya fi ba mu wuya. Mandarin na da huɗu, harshen Kanton na da shida, kuma "saye" da "sayarwa" duk "maai" ne, hawa da saukar murya kaɗai ke raba su. A nan Hausa ta cece ni, don wanda ya san bambancin kukan yaro da kukar miya ba a yi masa dogon bayani. Malamarmu ta kuma koya mana cewa godiya iri biyu ce: "m goi" ga wanda ya yi maka hidima, "do je" ga wanda ya yi maka kyauta. Mandarin ɗina bai shirya ni ga wannan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matsayin da aka ba harshen. A makaranta yaran Hong Kong suna rubutu ne da daidaitaccen Sinanci mai bin nahawun Mandarin, sun saba jin cewa nasu na baka ne kurum. Duk da haka jami'a ta ware masa aji da littafi da jarrabawa, masana kuma suka tsara masa hanyar rubutu da baƙaƙen boko, Jyutping, a 1993. Ba a kori wani harshe don a ba wani wuri ba.

Da na dawo gida na dubi ɗalibaina. Suna iya cika shafi uku da Faransanci, amma da yawansu hannu na rawa in an ce su rubuta wa mahaifiyarsu wasiƙa da Hausa, ba su san inda ake sa ɗ da ƙ ba. Laifin ba nasu ba ne, mu malamai ne muka ɗauka cewa abin da aka sha a nono ba ya buƙatar allo. Tun daga lokacin, duk ranar Alhamis nakan ware musu rabin awa, mu rubuta harshen da muke gaisawa da shi.