Hoton Mahaifina da Ruwan Buza

A Buza na koyi wankin fim baƙi da fari, cikin ɗakin da muka toshe tagarsa da bargo. Maganin ƙarshe, fiksater, shi ke narkar da gishirin azurfar da haske bai taɓa ba; John Herschel ya gano wannan aiki nasa a 1819. Amma in ba a ɗauraye shi sarai ba, a hankali yakan ci hoton, mu kuwa ruwanmu bisa jaki yake zuwa. Na yi rowa: bokiti guda, hotuna ashirin.

Fim ɗin ya ɓace tuni. Hoton mahaifina ɗaya tilo ya koma ruwan ƙasa, fuskar tana dushewa. Baƙin rawaninsa kaɗai ya tsira, shi ƴaƴana ke nunawa in an ce ina kakansu.