GULMARG: Inda 'yan fim ke rawa, matafiyi ke taka-tsantsan

DUK wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, tun zamanin silimar Plaza da Marhaba a Kano har zuwa zamanin kaset da faifan sidi, ya san sin ɗin nan da jarumi ke gangarowa daga saman tsauni fari fat, jaruma na biye da shi cikin sari shara-shara, su na jifar juna da dusar ƙanƙara kamar ba su san sanyi ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan sinasinai a Kashmir aka ɗauke su, musamman a wani ɗan gari mai suna Gulmarg. Akwai samari a duniya da su ka wuce kallo, su kan ɗaura jakar goyo su tafi can a tsakiyar hunturu don su taka wurin da ƙafar su. To amma su waɗannan ba su da darakta mai cewa "kat!" idan hadari ya taso.

Gulmarg na da nisan kimanin kilomita 50 daga Srinagar, babban birnin kwarin Kashmir, a jikin jerin tsaunukan Pir Panjal. Garin ya na zaune ne a tudun da ya kai mita 2,650 sama da teku, wato ya ɗara Chappal Waddi na Jihar Taraba, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Ma'anar sunan ita ce "filin furanni", domin da bazara wurin shar ya ke da ciyawa da fure. Daga Disamba zuwa Maris kuwa babu abin da ido zai gani sai fari, da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura.

LOKESHIN NA MANYA

A nan Raj Kapoor ya ɗauki wani ɓangare na 'Bobby' (1973), fim ɗin da ya fito da Rishi Kapoor da Dimple Kapadia, har aka laƙaba wa wani ɗakin katako na garin suna "Bobby Hut". A can kusa da Pahalgam akwai kwarin da ya ci sunan 'Betaab' (1983) na Sunny Deol. Da rikici ya ɓarke a Kashmir a 1989 sai furodusoshi su ka ƙaurace, Yash Chopra da ire-iren sa su ka riƙa kwasar 'yan wasa zuwa Siwizalan, inda har aka kafa masa mutum-mutumi a garin Interlaken a 2016. Shi ɗin dai ya dawo Kashmir da fim ɗin sa na ƙarshe, 'Jab Tak Hai Jaan' (2012).

Amma fim ɗin da ya fi cusa wa matasa sha'awar jakar goyo shi ne 'Yeh Jawaani Hai Deewani' (2013) na darakta Ayan Mukerji, inda Ranbir Kapoor da Deepika Padukone su ka yi tattaki cikin dusar ƙanƙara. A labarin an ce Manali ce, alhali wasu sinasinan a Gulmarg aka ɗauke su, abin da ya sa Omar Abdullah, babban ministan yankin a lokacin, ya fito fili ya nuna ɓacin ran sa.

Abin da ɗan kallo ba ya gani shi ne bayan kyamara. Akwai motoci, da janareto, da masu riƙe da barguna da filas ɗin shayi, da otal mai ɗumi da za a koma da zarar an gama shutin. Mai jakar goyo kuwa gidan sa da kicin ɗin sa duk a gadon bayan sa su ke.

YADDA HADARIN KE ZUWA

Mutanen Kashmir sun raba hunturun su gida uku. Na farko shi ne Chillai Kalan, kwana 40 daga 21 ga Disamba, lokacin da ruwan famfo ke daskarewa, har gefen tafkin Dal na Srinagar ya zama ƙanƙara. Sai Chillai Khurd mai kwana 20, sannan Chillai Bachha, auta, mai kwana 10. A Gulmarg sanyin dare a Janairu kan kai digiri 10 ƙasa da sifili, wani lokaci ya wuce. Mutumin Kano da ke rawar ɗari idan hunturu ya sauko da sanyi zuwa digiri 12 sai ya auna da kan sa.

Dusar ba kullum ta ke zuba ba, zuwa ta ke yi rukuni-rukuni. Wata iska ce mai ɗauke da danshi ke tasowa daga wajen Bahar Rum, ta ratso Iran da Afganistan da Pakistan. Idan ta ci karo da Pir Panjal sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta juye kayan ta. Ta kan yi kwana biyu zuwa huɗu ta na zuba, kuma a tudun Gulmarg hadari guda na iya ajiye dusar da ta kai ƙugun mutum. Hukumar hasashen yanayi ta Indiya, IMD, kan hango ta tun kwanaki kafin ta iso. Saboda haka aikin farko na matafiyi shi ne bibiyar sanarwar hukumar safe da yamma, tun kafin ya bar Delhi.

Idan hadarin ya sauka komai tsayawa ya ke yi. Akan soke tashin jirage a Srinagar. Babbar hanyar Jammu kan rufe. Daga Tangmarg zuwa Gulmarg, hawa ne na kilomita 13 kacal, amma sai motar da aka ɗaura wa sarƙa a taya ake bari ta wuce, wani lokacin ma sai an jira motar share hanya.

SAFIYAR DA TA FI KYAU ITA TA FI KISA

Kowa ya san ba a shiga daji ana tsakiyar zubar dusa, domin sama da ƙasa kan haɗe su zama fari ɗaya, mutum ya kasa ganin abokin tafiyar sa da ke taku biyar a gaba. Inda baƙi ke ruɗuwa shi ne washegari. Gari ya waye tas, rana ta fito, tsauni na ƙyalli, daidai irin hoton da mai kyamara ke nema. Wannan ne lokacin da dusa ta fi zaftarewa.

Dalili kuwa, sabuwar dusar ba ta gama kama tsohuwar da ke ƙarƙashin ta ba. Ta na kwance ne a kai kamar katifa a kan leda. Iska kuma ta kwashi wata daga bayan tsauni ta jibge a ɗaya gefen, ta yi tauri kamar allo. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsinke wannan allon, gefen tsauni gaba ɗaya ya taho. Masana na cewa akasarin zaftarewa na faruwa ne ana cikin hadarin ko a cikin kwana ɗaya zuwa biyu bayan sa, a gangaren da ya karkata digiri 30 zuwa 45, wato kamar tsayuwar matakalar bene ko ɗan fiye. Dusar da ta kai santimita 30 a yini guda ta isa gargaɗi.

Gulmarg ta ga wannan da idon ta. A ranar 8 ga Fabrairu, 2010, dusa ta rufta wa sojojin Indiya da ke atisaye a Khilanmarg, sama da garin kaɗan, 17 su ka mutu, kuma 'yan makarantar koyon yaƙi a kan tsaunuka ne, ba baƙi ba. A ranar 1 ga Fabrairu, 2023, wasu 'yan ƙasar Folan biyu masu wasan sulu sun rasa ran su a tsaunin Apharwat, sai wani ɗan Rasha a Fabrairun 2024. Can baya, a Fabrairun 2005, dusa ta binne ƙauyen makiyaya na Waltengu Nar a kudancin kwarin, sama da mutum 150 su ka halaka.

Akwai keken igiya da ke ɗaukar mutane daga Gulmarg zuwa Kongdoori, daga nan zuwa kafaɗar Apharwat, kusan mita 4,000. Bayan kowane babban hadari akan rufe zangon sama har sai ma'aikatan sintiri sun tayar da nakiya sun zubo da dusar da ke lilo. Amma kwari ɗaya su ke yi wa wannan aikin. Duk wanda ya ƙetare iyakar, ya shiga hannun Allah da na hankalin sa.

TSARA KWANAKI

Matafiyi mai wayo ba ya cika kalandar sa taf. Idan tattakin na kwana huɗu ne, sai ya ware kwana goma. Biyu na farko a Srinagar, mai tudun mita 1,600, don jiki ya fara sabawa. Sannan Tangmarg ko Gulmarg, a yi gajerun fita a dawo masauki: zuwa Drung, inda ruwan da ke zubowa daga dutse ke daskarewa ya zama ginshiƙan ƙanƙara, ko zuwa hubbaren Baba Reshi ta cikin itatuwa. Sama da mita 2,500 iska ta fara ƙaranci, wanda ya yi gaggawar hawa sai ciwon kai da amai da rashin barci. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Sauran kwanakin na hadari ne. In an ce ya na tafe jibi, to gobe da yamma kowa ya kasance a gari. In ya wuce, a ba shi aƙalla kwana biyu ya zauna, a kuma saurari gargaɗin zaftarewa da hukumomin yankin ke fitarwa gunduma-gunduma. Ma'aunin hawa biyar ne, kuma abin mamaki mutane sun fi mutuwa a hawa na uku, saboda a na huɗu da na biyar tsoro kan zaunar da kowa a gida.

Ko an fita, a bi cikin itatuwa masu kauri da shimfiɗaɗɗen fili, a guji bin ƙarƙashin gangare da kafa tanti a bakin kwazazzabo. Idan dusa ta yi wani "ɗim" a ƙarƙashin ƙafa, ko tsaga ta ruga gaba daga inda aka taka, tafiya ta ƙare, sai juyawa. Yinin Disamba a can bai fi awa 10 ba, kuma tafiyar awa ɗaya kan koma awa uku a sabuwar dusa. Don haka tun da safe ake yanke lokacin juyowa, ko an kai ko ba a kai ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan jagora mai lasisi ya san kwarin da ke zubowa duk shekara. Shi ne kuma zai faɗi hanyar da hukuma ta yarda a bi, domin Gulmarg na dab da layin da ya raba Kashmir tsakanin Indiya da Pakistan, sannan bayan harin 22 ga Afrilu, 2025, da ya ci mutum 26 kusa da Pahalgam, an rufe wuraren yawon buɗe ido da hanyoyin tattaki da dama a lokacin.

ABIN DA KE CIKIN JAKA

Wandon jins da rigar auduga irin na jarumai su ne na farko da za a bari a gida. Auduga na shan gumi ta riƙe, da an tsaya hutawa sai ta koma ƙanƙara a jiki. Sutura hawa uku ake yi: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai tare iska da ruwa. Sai safar hannu biyu-biyu, hular sanyi, takalmin da ruwa ba ya shiga, da baƙin tabarau, don hasken rana a kan dusa na ƙona ido. Buhun barci ya zama na digiri 20 ƙasa da sifili, da shimfiɗa mai kauri, saboda ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki.

Ruwan sha sai an narka dusa, wannan kuwa na cin man risho sosai, sai a ninka. Ba a girki a rufaffen tanti. Iskar da wuta ke fitarwa ba ta da wari, ta na kisa cikin barci. Kowa ya riƙe abu uku: na'urar gano wanda dusa ta binne, dogon tsinken laluba, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 galibi ya na rayuwa, bayan rabin awa kuwa sai dai addu'a. Ma'ana abokan tafiya ne masu ceto, ba jami'an da za su taso daga gari ba. Idan wani ya fara karkarwa, maganar sa na sarƙewa, ya na tuntuɓe, to zafin jikin sa na neman sauka ƙasa da digiri 35. A canza masa busassun kaya, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari, a sauko.

Batir na mutuwa da wuri a sanyi, sai a riƙa kwana da waya da tocila a cikin buhun barci. Layin waya na kati da aka saya a wani sashe na Indiya ba ya aiki a Kashmir. Wayar Thuraya kuwa kada ma a soma, shiga da ita Indiya ba izini laifi ne da ke kai mutum hannun 'yan sanda.

ZAMAN JIRA BA ASARA BA NE

Kwanakin da hadari ya tsare mutum su ne zai ga Kashmir da fim bai cika nunawa ba. Maza da mata cikin pheran, wata burgujejiyar riga ta ulu, kowa ya rungume kangri a ciki, wato ɗan kaskon garwashi da aka saƙa wa kwando. Da asuba a tsohon birnin Srinagar ana layin harissa, naman rago da aka kwana ana dafawa da shinkafa ana tuƙawa har ya narke. Ga noon chai, shayin gishiri da madara mai launin hoda, ga kahwa mai ƙamshin za'afaran da kirfa. A masallatai akwai hamam, ɗaki mai daɓen dutse da ake hura wuta a ƙarƙashin sa, inda dattawa ke zama bayan sallah su na hira. A gidaje kuma ana miya da busasshen tumatir da gauta da duma da aka shanya tun bazara, kamar yadda uwargida ke tanadin kuɓewa da kuka.

Mutanen da su ka shekara ɗaruruwa a wurin ba su ja da hadari. Su na tara itace da abinci, su rufe ƙofa, su jira. Wata shekarar ma ba ya zuwa da wuri: a yawancin Janairun 2024 Gulmarg ƙasa ce jajir, baƙin da su ka biya kuɗin otal su ka koma da hotunan busasshiyar ciyawa. Wanda ya tanadi kwanaki da haƙuri, in bai samu hawa bana ba, Apharwat mai mita 4,390 na nan inda ya ke, zai same shi baɗi in da rai da lafiya.