Makaɗin Jita da Akwatinsa Mai Kwalba

Tun da tiransista ta shigo, rediyo da talabijin suka yi ban kwana da kwalaben nan masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun ɗauki zafi kafin murya ta fito. Makaɗan jita kuwa sun ƙi sakinsu. Hujjarsu ita ce idan aka ɗora wa kwalba sautin da ya fi ƙarfinta, ba ta datse shi da kaifi, sai ta danne shi a hankali, amon ya yi kauri, ya jima yana rerawa.

Wannan amo ne ya sa wani makaɗi a Legas, mai kaɗa jita a otal daren Juma'a da Asabar, ya shekara biyu yana tari har ya sayi amfilifaya ta hannu, ƙirar Mesa/Boogie, samfurin Mark V wanda ya fito a 2009. Asalin wannan ƙira daga Kalifoniya ta Amurka ne, inda a ƙarshen shekarun 1960 wani mai gyara, Randall Smith, ya riƙa sāke kayan cikin ƙaramar Fender Princeton har ta yi ƙarar da ta fi jikinta. Carlos Santana na cikin waɗanda suka fara ɗaukarta. Abin da ya ja hankalin mutuminmu shi ne hanyoyin sauti uku da ke cikin akwati guda: ɗaya don tsaftataccen amon hailaif, sauran biyu don gurnanin da matasa ke so in dare ya tsala.

Daren farko bai ji da daɗi ba. Ya jera maɓallan duka a tsakiya, ya ƙara wanda aka rubuta wa Bass, kamar yadda kowa ke yi wa rediyonsa. Jitar ta riƙa fita kamar mai magana cikin tulu. Shugaban ƙungiya bai ce uffan ba, kallo ɗaya ya yi masa. A garin da samari masu jita ke jiran gurbi, kallon ya isa.

Laifin ba na akwatin ba ne. A hanyar gurnani ta irin wannan ƙira, maɓallan gyaran amo suna gaba da kwalaben da ke dagula sautin, ba bayansu ba. Wato duk abin da aka ƙara, shi za a ninka a gaba. In aka cika Bass, kwalaben sai su ƙware, amon ya caɓe. Saboda haka gwanaye kan mai da shi ƙasa ƙwarai, kusan biyu ko uku, su ɗaga Treble, wanda a nan yake ƙara wa gurnanin ƙarfi. Kaurin da aka rasa kuma sai a dawo da shi daga baya, da ƴan sanduna biyar da ake turawa sama da ƙasa, domin su suna bayan kwalaben ne.

Akasarin makaɗan Turai da Amurka kan tura sandunan gefe sama, su danne ta tsakiya. A ɗaki abin yana da daɗin ji. Amma a dandali, tsakanin kalangu da molon lantarki da muryoyin ƴan amshi, tsakiyar nan ita ce muryar jita, wanda ya danne ta sosai ya ɓatar da kansa. Mutuminmu ya bar tasa ƙasa kaɗan kurum, kuma shi ke da gaskiya. Daɗin daɗawa, ya rage Gain, ya saukar da ƙarfin akwatin daga wat 90 zuwa 45, don manyan kwalaben su yi aiki sosai ba tare da an kurmantar da baƙin otal ba. Sauran ya bar wa yatsunsa da maɓallin ƙara na jikin jitar: in ya taɓa a hankali amon ya fito garau, in ya buga da ƙarfi ya yi gurnani.

Sai batun wuta. Akwatin nasa an ƙera shi ne don lantarkin Amurka mai bolt 120, alhali na ƙasar nan 230 ne, don haka ko'ina ya je yana saɓe da taransifoma da abin daidaita wuta. Ba ya kunna shi sai lasifika na haɗe, gama yin haka kan ƙona taransifomar ciki. Ba ya kuma buɗe bayansa da kansa, domin ko an zare waya akwai wutar da ta haura bolt 400 maƙale a ciki, tana iya kisa.

Kwalaben su ma ba sa dawwama, masana'antun da ke yinsu kuwa ƴan ƙalilan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sun yi wuya, kuɗinsu ya tashi. Manyan kwalaben 6L6 guda huɗu ke cikin akwatinsa, ya kuwa nannaɗe wasu huɗu a tsumma ya ajiye a ƙarƙashin gado.