Ƙaramin Kafasita Tsakanin Akihabara da Ƙofar Nassarawa

Duk wanda ya zauna a Tokiyo, ya riƙa zagaya rumfunan Akihabara, unguwar da ta yi suna da cinikin kayan rediyo tun bayan yaƙin duniya na biyu, lalle zai lura da darajar da injiniyoyin Japan suke bai wa wani ɗan abu da ido ke gani da ƙyar, wato ƙaramin kafasitan da ake dasawa dab da ƙafar wutar kowace ayisi (IC) a cikin na'ura. Kamfanin Murata na Kyoto, wanda aka kafa a 1944, yana cikin manyan masu ƙera shi, kuma wayar hannu guda tana ɗauke da ɗaruruwansa.

Hikimarsa kuwa ita ce, ayisi takan fizgi wuta farat ɗaya, sau miliyoyi a daƙiƙa, alhali layin tagullar da ke kawo wutar daga batir yana da ɗabi'ar jinkirta duk wani canji na gaggawa, sai ƙarfin wutar ya faɗi, lissafin na'urar ya rikice. Kafasita mai nanofarad 100 shi ne randar da ke bakin ɗaki, wadda ake kamfata nan take ba a jira mai zuwa rijiya ba. Saboda haka in aka nisanta shi da ayisi, fa'idarsa ta tafi.

A Japan, idan kafasita ɗaya ya lalace, galibi allon wayar gaba ɗaya ake sakewa, domin ladan ma'aikaci ya fi kayan tsada. Amma a Kano, mai gyara a wajen Ƙofar Nassarawa, ko a Fam Santa, yakan bi allon da mita har ya gano wanda ya haɗe wuta, ya ɗauke shi da iska mai zafi, sau da yawa bai mayar da wani ba, wayar kuwa ta tashi, saboda 'yan'uwansa da ke layi ɗaya sun rufa asiri.

Ni dai ina ganin ijtihadin Bakanen ya fi, illa wajen manyan kafasitoci masu ruwa na talabijin da inbata, waɗanda kwanansu ke raguwa da rabi duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10. Zafin bazarar Kano, mai haura digiri 40, ba ya yafe wa wanda ya sa mai arha a gurbinsu.