Noman da ba ya taɓa ƙasa: lissafin da muka yi a makare

Shekaru biyu ke nan da mu uku, ƴaƴan gida ɗaya a Maraɗi, muka haɗa ɗan abin da muka tara domin mu gwada noman salati ba tare da ƙasa ba. Tiyo ne ake hudawa a jera, a saka tsiro cikin kowace huda, ƙaramin famfo yana zagaya ruwan da aka narkar da takin zamani a ciki. Mahaifiyarmu ta dube mu ta ce ba ta taɓa jin an ci riba da abin da bai san ƙasa ba. Muka yi dariya.

Salatin ya yi kyau a lokacin ɗari, babu musu. Amma a lokacin ne masu lambun Jiratawa da bakin Gulbi ke cika kasuwa da nasu, a farashin da ba ya biyan ko kuɗin takinmu, wanda daga waje ake kawo shi. Muka ce bari mu jira bazara, sa'ad da ganye ke tsada. Ashe tsadar tana da dalili. Idan zafi ya haura digiri 40, ruwan tiyo yakan ɗumama, iskar da saiwa ke shaƙa a cikinsa ta ragu, saiwar ta ruɓe. Wata rana a watan Afrilu wuta ta ɗauke tun hantsi, famfo ya tsaya. Kafin la'asar duk tsiron ya kwanta.

Abin da ya rage mana shi ne ciyawar faranti, wadda ba ta bukatar wuta ko taki. Hukumar Abinci ta Duniya ta gwada ta da sha'ir a sansanonin ƴan gudun hijira na Tinduf a Aljeriya tun 2016, daga baya ta kai ta gabashin Cadi. Mu da masara muke yi: a jiƙa ta, a baza a faranti cikin inuwa, a riƙa yayyafa ruwa, bayan mako guda ko fiye kaɗan a naɗe ta kamar tabarma a ba tumaki har da saiwar.

A nan ma akwai ruɗi. Kilo ɗaya na hatsi yana iya ba da kilo shida na ciyawa, amma ƙarin nauyin ruwa ne. Abincin da ke ciki ma raguwa yake yi kaɗan, don tsiro na cin ƙwayar. Amfaninta shi ne ɗanyen ganye a ƙarshen rani, lokacin da harawa ta yi tsada. Saboda haka ba mu sayar da ita, kuma ba mu daina sayen dusa ba.

Matashin da ya zo mana da shawarar cin bashi don kafa irin wannan sana'a, mukan tambaye shi wa zai saya, a wane wata, kuma da me famfo zai yi aiki idan wuta ta tafi. Tiyon namu yana nan jingine a bayan zaure, mahaifiyarmu tana shanya tufafi a kansa.