Farashin Lasifika da Zabibin Haɗibu

 

Duk wanda ya nemi lasifika a intanet zai lura cewa dillalai da yawa, musamman na Amurka, farashi ɗaya suke rubutawa. Kamfanin da ya ƙera kayan ne yake gindaya musu sharaɗi: kada su tallata ƙasa da farashin da ya yanke, wanda ya saɓa a daina ba shi kaya. Sharaɗin ya shafi talla kawai, dillali yana iya yin ragi idan an yi ciniki.

Na san haka ne lokacin da jama'ar masallacinmu a Kalgo suka damƙa mini kuɗin karo-karo in nemo musu lasifika. Na kasa gane wa wannan tsari yake yi wa adalci, sai na tuna karatun Muwaɗɗa da muka yi a wani zaure a Gwandu. Imam Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya tarar da Haɗibu bin Abi Balta'a yana sayar da zabibi da arha a kasuwa, ya umarce shi ya ƙara farashi ko ya tashi. Imam Shafi'i kuwa ya kawo cewa daga baya Umar ya je ya shaida masa wannan ba hukunci ba ne, ya sayar yadda ya so.

Ruwayoyin biyu sun nuna ɓangarorin biyu. Ƙaramin dillali da ke kunna maka kaya ka ji, ya haɗa waya, ya gyara in ta lalace, zai durƙushe idan babba ya karya farashi. Mai saye kuma ana ɓoye masa inda sauƙi yake. Amma a lura, Umar shugaba ne mai duba maslahar jama'a, kamfani kuwa ribarsa yake karewa.

Dokoki ma sun sha bamban. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta sassauta haramcin ƙayyade farashin dillalai da ya tsaya tun 1911, alhali dokar gasa da kare masu saye ta Najeriya ta 2018 ta hana tilasta wa dillali mafi ƙarancin farashin sayarwa.

Don haka wanda aka ba amanar kuɗin jama'a kada ya tsaya ga abin da allo ya nuna masa. Ya taya, ya tambayi garanti da gyara, ya karɓi rasit na gaskiya. Dillali kuma ya ji tsoron Allah, kada ya ce an hana shi ragi alhali talla kaɗai aka hana shi.

Allah ne Mafi sani. Wassalam.